Badon da ke kwana ƙarƙashin ƙanƙara

Ranar da aka kawo mini badona na farko na kwance ledar na tsaya ina kallo, raina bai so ba. Wani guntun abu ne baƙi-baƙi, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, kaurinsa kamar wuyan hannun yaro, jikinsa duk tabo inda tsofaffin ganyaye suka taɓa fita, ga wasu fararen jijiyoyi suna reto. A baki ɗaya akwai 'yan ganyaye biyu jajaye a naɗe, kamar kunnen ɓera. Warin taɓo kawai yake yi. 'Yata ta leƙo ta bayana ta ce, "Baba, wannan ne furen?" Na ce mata shi ne, amma sai mun jira.

A lokacin ban daɗe da gama haƙa ɗan tafki a bayan gida ba. Tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2, inda ya fi zurfi santimita 75, sannan na bar ɗan dakali a cikin ruwa ta gefe ɗaya mai zurfin santimita 25. Na shimfiɗa robar da ke riƙe ruwa, na cika shi, na bar shi mako guda don kulorin ɗin ruwan famfo ya fice. Tun ina haƙa, bado ne a raina. Kifi da sauran tsirrai duk daga baya suka zo.

Inda nake zaune hunturu na gaske ake yi, irin wanda ruwa ke wayar gari ya zama dutse. Badon da muka sani, wanda masana tsirrai ke kira Nymphaea lotus, ɗan ƙasar zafi ne. Bakin ganyensa yana da haƙora kamar zarto, furensa yana ɗagowa sama da ruwa a kan kara, kuma da dare yake buɗewa. Sanyi mai daskarar da ruwa kashe shi yake yi. Amma yana da 'yan uwa a ƙasashen sanyi, irin su farin badon Turai, Nymphaea alba, da mai ƙamshi na Arewacin Amurka, Nymphaea odorata. Su bakin ganyensu sumul yake, furen galibi a kan ruwa yake zaune, da rana yake buɗewa, kuma suna da wata uwar saiwa mai kauri da ke kwanciya cikin laka tana ajiye abinci. Idan sanyi ya zo, duk abin da ke sama ya mutu, ita tana nan ƙasa tana barci. Wannan guntun abin da raina bai so ba, ita ce uwar saiwar, kuma ran shukar gaba ɗaya a cikinta yake. Da na gane haka tun ranar farko, da ban yi asarar shekara guda ba.

Ga yadda na kashe na farkon. Na ɗauko ƙasar da ake sayarwa a buhu don shuka furanni a tukwane, mai laushi, mai sauƙi, na cika tukunya. Na tona rami na sa saiwar a tsaye, na rufe ta ruf, kamar yadda ake binne iri. Na ɗauki tukunyar na nutsar da ita can ƙasan tafkin, santimita 75, kai tsaye. Kafin in wanke hannu ruwan ya rine, ɓarɓashin ƙasar ya taso ya rufe sama. Kwana uku bayan haka na fito da safe na tarar da saiwar kanta tana yawo a kan ruwa, don cikinta akwai iska, ƙasar kuma ba ta da nauyin da za ta riƙe ta. Na mayar da ita, na ƙara binnewa, na ɗora dutse a kai. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ganye huɗu ƙanana ta iya turowa sama cikin wata biyu, kowanne ya yi rawaya tun bai gama buɗewa ba. Da na ciro tukunyar a ƙarshen lokacin zafi, na danna saiwar da yatsa sai yatsan ya lume. Ta yi baƙi, ta ruɓe, warinta ya cika lambun. Na ji zafin abin ƙwarai, domin abu mai rai aka ba ni amana, ni kuma ban tsaya na tambayi yadda yake rayuwa ba.

Akwai wani dattijo da muke gaisawa ta kan shinge, tafkinsa ya girmi nawa da shekaru masu yawa. Na kai masa ragowar a cikin leda. Ya juya ta sau biyu a hannu ya ce, "Ɗana, idonta ka rufe." Na ce, "Baba, wane ido?" Sai ya nuna mini bakin da ganyayen nan jajaye suka fito. Nan ne ido, nan ne sabon toho ke fita, kuma ba a taɓa binne shi. Ya ce in jira bazara, zai raba nasa ya ba ni.

Ya cika alkawari. Da ruwa ya fara ɗumi ya miƙo mini guntu mai tsawon kamar santimita 12, da wata tsohuwar alama ta roba da aka rubuta sunansa: Marliacea Chromatella. Sunan ya sa na je na bincika, abin da na samu kuma ya ƙara mini ganin girman shukar. Wani Bafaranshe ne, Joseph Bory Latour-Marliac, ya kafa gonar renon bado a garin Le Temple-sur-Lot da ke kudu maso yammacin Faransa a 1875. A zamaninsa badon da ke jure sanyin Turai kusan fari ne kawai. Shi ya yi ta haɗa shi aure da wasu nau'o'in daga Amurka da sauran wurare har ya fitar da rawaya da ja da ruwan hoda waɗanda sanyi ba ya kashewa. Ya baje su a babban bikin baje koli na Paris a 1889, mai zane Claude Monet ya gan su a can, daga baya ya yi odar su don tafkinsa na Giverny, inda ya shafe sauran rayuwarsa yana zana su, zane wajen 250. Latour-Marliac ya rasu a 1911, gonar tasa kuma har yau tana aiki. Tun da ta hanyar yanka saiwa ake yaɗa irin wannan bado, guntun da ke hannuna ranar nan ci gaban jikin shukar da mutumin ya fitar ne fiye da shekara ɗari da suka wuce, hannu zuwa hannu, tafki zuwa tafki. Na riƙe shi da hannu biyu.

Wannan karon dattijon ya tsaya a kaina. Abu na farko da ya hana ni shi ne tukunya mai zurfi. Saiwar wannan bado a kwance take tafiya, don haka faɗi take nema. Muka samu kwandon roba mai ramuka, faɗinsa santimita 40, zurfinsa 20, muka shimfiɗa masa buhun algarara a ciki don kada ƙasa ta zurare. Ƙasar kuma daga lambuna muka haƙo ta, daga wani lungu da ban taɓa zuba taki ko maganin ciyawa ba, mai yumɓu, mai nauyi, irin wadda idan ka dunƙula ta da ɗan ruwa za ta zauna a dunƙule. Muka tsince duwatsu da jijiyoyin ciyawa. Ban sa taki na dabbobi ba ko kaɗan, domin a cikin ruwa ruɓewa yake yi ya ɓata ruwan, ya ƙone sabbin jijiyoyi. Ƙwayar takin zamani guda biyu, irin wadda ake yi musamman don tsirran ruwa mai narkewa sannu a hankali, su muka cusa can ƙasa, nesa da jikin saiwar.

Sai dasawa. Na datse dogayen jijiyoyin da suka tsufa, na cire ganyayen da suka karye, na bar ƙananan da ke bakin ido. Na cika kwandon har kashi biyu cikin uku, na jiƙa ƙasar, na danne ta sosai da tafin hannu. Na jingina yankakken gefen saiwar da bangon kwandon, na kishingiɗar da ita a karkace, idon yana kallon tsakiya kuma yana kallon sama, don ta samu filin tafiya. Na zuba ƙasa a kan jikinta, ina dannawa da yatsu, har ta kama daram, amma idon na bar shi a waje yana leƙe. Daga nan na wanke tsakuwa na shimfiɗa a sama, kaurin kamar santimita 2, don ta danne ƙasar kuma ta hana kifi tono. Da na zo kusa da idon sai na riƙa ajiye tsakuwar ɗaya bayan ɗaya da yatsa biyu, na bar masa fili kamar faɗin kwabo. Kafin mu sa a tafki muka tsoma kwandon a baho, muka bari kumfar iska ta gama fita.

Zurfi shi ne kuskurena na uku a dashen farko. Sabon dashe bai da ƙarfin da zai turo ganye daga nisa, kuma ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi da duhu. Saboda haka na jera bulo a cikin tafkin, na sa ragowar roba a ƙarƙashinsu don kada su huda shimfiɗar, na ɗora kwandon yadda ruwan da ke kan idon bai wuce santimita 15 ba. Na saukar da shi a hankali, a ɗan karkace, ruwan ko gurɓacewa bai yi ba.

Kwana tara babu abin da ya motsa a ganina. Kullum da safe sai na durƙusa a bakin tafkin na leƙa. A rana ta goma na ga ganye ɗaya ya miƙe daga idon, a naɗe ta gefe biyu, launinsa ja mai duhu. Kwana biyu ya iso sama, ya warware ya kwanta a kan ruwa, zagayayye da tsaga ɗaya, kore mai ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa, wanda shi ne alamar wannan nau'in. Da ganye huɗu suka kwanta sai na cire layin bulo ɗaya. Ganyayen suka nutse gaba ɗaya, gabana ya faɗi, na ɗauka na sake yin ɓarna. Washegari da yamma duk sun dawo sama. Igiyar ganyen bado tana ƙara tsawo da sauri idan ta ji ruwa ya rufe ganyen. Haka na riƙa yi, duk mako biyu zuwa uku ina rage layi ɗaya, har kwandon ya zauna a ƙasa da ruwa kamar santimita 55 a kansa, wanda ya dace da matsakaicin bado irin wannan. Ƙananan nau'o'i irin su Pygmaea Helvola santimita 15 zuwa 30 ya ishe su, manya kuwa irin su Gladstoniana suna son abin da ya kusa mita guda, kuma a tafki irin nawa cinye wurin za su yi gaba ɗaya.

Ana cikin haka ruwan ya koma kore shar, ko hannunka ka tsoma ba ka gani. Ruwa ba ya tsami banza: rana tana dukan tafkin kai tsaye, ga ɗan abincin da ya fita daga sabuwar ƙasa, gansakuka kuma abin da take nema ke nan. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in kwashe ruwan in zuba sabo. Dattijon ya hana, ya ce sabon ruwa sabon abinci ne gare ta. Na sa 'yan tsirran da ke rayuwa a nutse don su yi gasar abinci da ita, na jira. Da ganyen badon ya yawaita ya rufe kusan rabin fuskar ruwan, inuwa ta samu, cikin mako guda ruwan ya washe har ina ganin tsakuwar kwandon. Tun daga nan ma'aunina ke nan: ganye ya rufe rabi zuwa kashi biyu cikin uku, sauran a bar wa sama ta leƙa fuskarta.

Ina da ɗan injin feshin ruwa da na sa a tsakiya don ina son ƙararsa. Na lura ganyayen da feshin ke sauka a kansu suna yin baƙi suna ruɓewa da wuri. Dalilin yana jikin ganyen. Yawancin tsirrai ƙofofin numfashinsu sun fi yawa a bayan ganye, shi kuwa bado bayansa a ruwa yake, don haka nasa a fuskar sama suke, an shafe ta da wani abu kamar kakin zuma da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Idan ana jiƙa fuskar dare da rana, an toshe masa hanci. Na mayar da injin can ƙarshen tafkin na rage masa ƙarfi. Bado ruwa mai kwanciya yake so.

Wata rana ina cire tsohon ganye, na yanke igiyarsa na nuna wa 'yata bakin. Akwai ramuka a jere a ciki, manya da ƙanana, tun daga sama har ƙasa. Na ce ta tsoma baki ɗaya a ruwa ta hura ɗayan. Kumfa ta fito ɓul-ɓul, ta yi tsalle don murna, ta sake hurawa har sau biyar. Ta waɗannan ramuka iska ke sauka zuwa uwar saiwa da ke cikin lakar da ba iska. Sabbin ganyaye suna tura iskar ƙasa idan rana ta ɗumama su, tana bi ta saiwar ta fita ta tsofaffin. Tun da na san haka na daina gaggawar cire ganye don kawai ya ɗan tsufa. Sai ya yi rawaya sosai nake bin igiyarsa da hannu in tsinke ta kusa da gindi.

Furen farko ya zo kusan wata biyu bayan dashe. Da fari dunƙule ne kore mai tsini, ya leƙo tsakanin ganyaye ya yi kwana biyu a tsaye rabi a ruwa rabi a waje. Ranar da ya buɗe, da hantsi ne, rana ta riga ta ɗaga. Na zauna a bakin tafkin ina kallo. Kore huɗun da suka rufe shi suka fara saki, sannan rawayan ya bayyana, mai haske kamar an wanke shi, layi bayan layi, har faɗinsa ya kai tafin hannuna da yatsu a buɗe. A tsakiyarsa akwai ɗan kwano, cikinsa wani ruwa yana ƙyalli. A ranar farko furen mace ne: ƙwaron da ya zo ɗauke da garin wani furen yana zamewa cikin wannan ruwan, garin ya wanke a ciki. Da la'asar ya rufe kansa tsaf. Washegari ya sake buɗewa, amma kwanon ya bushe, zaruruwan da ke kewaye da shi sun sunkuya sun rufe shi, suna sakin gari, ƙudan zuma suna ta birgima a ciki. Ya koma namiji ke nan. Rana ta uku haka, launin ya ɗan kwanta. Ta huɗu ya rufe bai ƙara buɗewa ba, ya sunkuyar da kai ya nutse. Kwana uku zuwa huɗu ne rabon kowane fure, kuma ranar da hadari ya rufe sama rabin buɗewa kawai yake yi. Gani ya kori ji. Duk hotunan da na gani a baya ba su gaya mini cewa abin yana da lokacin tashi da lokacin barci ba.

Furen da ya nutse ina cire shi, don kada ya ruɓe a ciki. Idan ka matsa dunƙulen da ya gama, ruwa ne ke fita kuma yana da laushi. Sabo kuwa da tauri yake. Sau ɗaya na tsinke sabo bisa kuskure, tun daga nan sai na taɓa kafin in ja.

A shekarar farko fure bakwai na samu. Dattijon da nasa ke ba da ninkin haka ya zo ya tsaya ya kalli katangata, ya tambaye ni ƙarfe nawa inuwarta ke kai wa ruwan. Na duba washegari: tun azahar ba ta yi nisa ba rabin tafkin ya shiga inuwa. Bado yana son rana awa shida ko fiye, kuma duk abin da ya ragu daga nan a fure ake biya, ganye dai zai yi ta yi. Na ja kwandon mita ɗaya zuwa gefen da rana ke daɗewa. Taki kuma, sau ɗaya a wata a lokacin girma nake cusa ƙwaya ɗaya ko biyu cikin ƙasar kwandon, zurfin yatsa, in toshe ramin da laka. Toshewar nan tana da muhimmanci, don takin da ya fita cikin ruwa gansakuka ka ciyar.

Maƙiya ma sun zo. Darɓa ce ta fara, baƙaƙe ƙanana, suka yi cincirindo a kan dunƙulen fure da igiyoyin da suka ɗago. Wannan irin darɓar a kan bishiyoyin ceri da danginsu take yin hunturu, da zafi ya zo ta ƙauro ruwa. Maganin feshi ba ya shiga tafkina, domin abin da zai kashe ta zai kashe kifi da kwaɗi da talibambam. Mesa na ɗauko na wanke su cikin ruwa kowace safiya har kwana biyar, 'yan kifayen suka yi ta kalaci. Bayan su na fara ganin an yanke bakin ganye, yanka mai kyau kamar da almakashi, siffar ƙwai. Na ɗaga ganyen na ga guntun da aka yanke manne a bayansa, na ɓare, sai ga tsutsa a tsakani ta yi ɗaki. 'Yar wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ce na dare da ke yin ƙwai a ganyen ruwa. Da hannu na tsince su. Ɓarnarsu a ido ce kawai, lafiyayyen bado yana maye gurbin ganye fiye da yadda suke ci. Abin da nake tsoro da gaske shi ne ruɓewar gindi, wadda ke sa ganye ya yi rawaya tun yana sabo, igiyarsa ta yi baƙi ta saɓule da ɗan ja. Wanda ya kamu, fitar da shi ake yi da ƙasarsa baki ɗaya. Shi ya sa duk sabon badon da ya shigo gidana sai ya yi makonni a baho shi kaɗai kafin ya ga tafki. Kifin adon nan da ake kira koi kuma ban sa ba, don manyansu tone kwando suke yi su cinye toho.

Da kaka ta kama, dare ya fara sanyi, na daina ba da taki. Sabbin ganyaye suka riƙa fitowa ƙanana, tsofaffin suna rawaya. Na shimfiɗa raga a kan tafkin don ganyen bishiya da ke zuba, na yanke duk ganyen badon da ya mutu, na tabbatar kwandon yana wurin da ya fi zurfi. Sharaɗin ɗaya ne: kada ƙanƙara ta kai ga uwar saiwa. Ruwa yana da wata ɗabi'a da ke taimakawa a nan. A digiri 4 na ma'aunin Celsius ya fi nauyi, don haka ruwan da ya kai wannan sanyin ƙasa yake sauka ya zauna, wanda ya fi shi sanyi ya tsaya a sama ya daskare, ƙanƙarar kuma ta zama murfi. Ɗan Pygmaea Helvola da nake da shi a baho a bakin ƙofa ba shi da wannan kariyar, bahon zai iya daskarewa har ƙasa, saboda haka na ciro tukunyarsa na nutsar a tafkin kusa da babban.

Hunturun farko na sha zulumi. Ƙanƙara ta rufe tafkin, kaurinta ya kai faɗin yatsu huɗu, babu alamar rai ko ɗaya. Saboda kifin nake buɗe ɗan rami don gurɓatacciyar iska ta fita, kuma ba da guduma ba, domin girgizar dukan tana illata kifi. Tukunyar ruwan zafi nake ɗorawa a kan ƙanƙarar, da igiya a hannunta, har ta narkar da da'ira. Ta wannan ramin na taɓa haska fitila na hango kwandon can ƙasa, baƙi, shiru. Na tuna da na bara da ya ruɓe a hannuna. 'Yata ta tambaye ni ko yana jin sanyi, na ce barci yake yi, a raina kuwa addu'a nake.

Ƙanƙara ta narke, makonni suka wuce, ba labari. Na sayi ma'aunin zafi na ɗaura da zare ina tsomawa. Da ruwan ya haura digiri 10, wata safiya da rana ta faɗo daidai, na hango jajayen abubuwa guda biyar a kan tsakuwar, a naɗe, sun miƙo kai. Na yi hamdala a fili. Na je na ƙwanƙwasa wa dattijon shinge na ce, "Baba, ya tashi." Ya yi murmushi ya ce in sa masa taki yanzu, yunwa ce ta tashe shi.

Shekara ta biyu da ta uku ya yi abin da ake so, wani lokaci fure uku a buɗe rana ɗaya. A ƙarshen ta uku sai ganyayen suka fara hawa kan juna, suna ɗagowa sama da ruwa a cunkushe, furen ya ragu, wanda ya fito ma yana ɓuya a ƙarƙashi. Wannan alamar kwando ya cika ne, abin da kan faru duk shekara uku zuwa biyar. A bazarar bana na shiga ruwan da takalmin roba na ciro shi, da ƙyar, sai da muka kama mu biyu. Saiwar ta ketare kwandon ta hau bango ta leƙa waje, jijiyoyi sun fito ta kowane rami, ƙasar kusan duk ta ƙare. Na yanka kwandon na wanke lakar da mesa. Guntun nan na santimita 12 ya zama abu mai rassa, tsawon hannuna, da idanu shida. Tsohon ɓangaren baya ya yi baƙi ya yi tauri, ba ido a jikinsa. Na wasa wuƙa na wanke ta, na yanke kowane reshe mai ƙarfi da tsawon santimita 10 zuwa 15, kowanne da idonsa da 'yan fararen jijiyoyinsa. Cikin lafiyayyen yanka fari ne tas kuma da tauri. Tsohon da ragowar da ban buƙata na zuba su a tarin takin lambu don su bushe su ruɓe a tudu. Ba a jefa su a kogi ko tafkin daji, domin guntu ɗaya yana iya kamawa ya mamaye ruwan ya kori tsirran wurin, kuma hakan ya faru a wurare da dama.

Huɗu masu kyau na samu. Biyu na bayar, ɗaya yana baho yana jiran mai shi. Na huɗun 'yata ce ta dasa, ni ina riƙe da kwandon. Ta jingina yankakken gefen da bango, ta danne ƙasar da 'yan yatsunta, ta zo wajen tsakuwa na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni: "Na sani, Baba, ba a rufe idon." Muka ɗora shi a kan bulo uku. Yau da safe ma'aunin ya nuna digiri 15, ganye huɗu sun kwanta a sama, na biyar yana hanya. Gobe in Allah ya kai mu za mu cire bulo ɗaya.